Giɓin Mai Gareji

Duk wanda motarsa ta tsufa a garin ya san Mai Gareji. Ba don gyara kaɗai ba, masu gyara ai sun yi yawa. An san shi ne da shirya mota idan za a kai ta gaban masu duba lafiyar motoci. Ka kawo masa akwalar da ko akuya ba za ta yarda ta fake a ƙarƙashinta ba, kwana uku kawai zai nema. Zai aro mata tayoyi huɗu daga motar da aka kawo gyaran giya, ya ɗaura mata madubin wata, ya ɗura mata mai mai kauri don salansa ta ɗan yi shiru da hayaƙi, ya wanke injin tas. A tafi da safe a buga hatimi, kafin la'asar kowace taya ta koma gidan ubanta. Ya fi shekara talatin yana wannan, ba a taɓa dawo masa da mota ba, kuma ko sau ɗaya bai ɗauki abin ha'inci ba. Cewa yake kwalliya ce, ai ko mutum zai je gaban manya rigarsa mai kyau yake sawa.

Abu ɗaya ne ya gagare shi shiryawa: bakinsa. Haƙoransa huɗu na gaba, na sama, sun bi juna cikin shekara biyu. Na farkon shi ya jawo, garin feɗe wayar wuta da haƙori kamar yadda ya saba tun yana saurayi. Sauran ukun girgiɗa suka fara, dasashi ya kumbura, na ƙarshen ma a cikin burodi ya maƙale. Burodi fa, ba ƙashi ba. Aka yi masa na roba masu cirewa. Suna gurje masa dasashi, suna ƙas-ƙas idan yana magana, ranar kuwa da ya sunkuya kan injin wata bas ya daka wa direban tsawa, sai suka zame suka faɗa bokitin baƙin mai a gaban mutum shida. Mai Walda, maƙwabcinsa kuma abokin tsokanarsa, dariya ya yi har sai da ya zauna a ƙasa. Daga ranar Mai Gareji ya koma magana ciki-ciki, leɓe a tsuke, abinci ma a ɗaki yake ci shi kaɗai. Abin dariya ne ga mai kallo, amma mutumin yana shan wahala, kuma ba ya faɗa wa kowa.

Wanda ya fi ɓoye wa shi ne babban ɗansa, Dogo. Shekara takwas ke nan da Dogo ya tafi aiki wata ƙasa mai nisa, ya bar uban da haƙoransa cif. Duk ranar hutu sai ya yi kiran bidiyo. Mai Gareji ya kafa wa matarsa da 'yarsa Auta doka, kada wadda ta kuskura ta faɗa. Idan aka miƙo masa wayar sai ya ɗaure fuska, ya riƙe ta nesa, ya ce, "Lafiya lau. To. Madalla. Ga uwarka." Shi ke nan hirar. A ransa kuwa ji yake kamar ya shiga cikin wayar ya rungumo yaron.

Sai wata ranar hutu Dogo ya ce ya sami izini, nan da wata bakwai zai zo, da matarsa da 'yarsu da kakanninta ba su taɓa taɓa ko yatsanta ba. Gida ya kaure da murna. Mai Gareji ya fita baranda ya kunna taba, harshensa na ta kai da komowa a cikin giɓin. Ya rantse a ransa ɗansa ba zai sauko daga jirgi ya tarar da shi wawulo ba.

Auta ce ta kawo maganar dashen haƙori. Malamar makaranta ce, ba ta yin abu sai ta bincika. Ta ce akwai wata likita da ke dasa haƙorin da ba a cirewa, mutum ya ci nama da shi, ya yi dariya da shi. "Sai dai fa, Baba, ba kowa ake wa ba. Sai sun duba ka sun ga ka dace. Ga ciwon suga, ga tabar nan taka."

"Duba ni za su yi?" in ji Mai Gareji. "Yaushe?"

"Ranar Alhamis."

Ya ƙirga da yatsu. Kwana uku. Har ya ɗan yi murmushi, leɓe a rufe.

Haka ya shiga shirya kansa kamar yadda yake shirya akwala. Shayi ba suga, burodi ko kallonsa bai yi ba, shinkafa cokali uku. Taba ya damƙa wa Mai Walda ajiya, ya ce ko ya zo yana kuka kada ya ba shi sai bayan Alhamis. Yatsunsa biyu da hayaƙi ya rina ya goge su da lemon tsami, da abin ya ƙi sai ya bi su da sanfefa mai laushi. Baki kuwa sau biyar a rana yake dirza shi. Matarsa ta tsaya tana kallonsa a bakin famfo.

"Baban yara, likita za ka gani ko zance za ka?"

"Ke dai ki sa ido."

Safiyar Alhamis ya huda yatsa da 'yar na'urar gwajin suga ta gida. Lambar ta fito kyakkyawa, irin wadda bai gani ba tun da aka ce yana da ciwon. Ya rubuta ta a takarda da manyan baƙaƙe ya zura a aljihu.

Asibitin haƙorin a hawa na biyu yake, saman wani kantin magani. Ɗakin jira kujeru takwas, fanka na juyawa, ga hoton wani haƙori mai ido da baki yana riƙe da buroshi. Da aka kira su ya ga likitar, sai hankalinsa ya ƙara kwanciya. Yarinya ce sa'ar Auta, 'yar siririya da tabarau. Shi da ya wuce gaban tsofaffin ma'aikata masu furfura, wannan ai ba ta kai ya yi gumi ba.

Ta gaishe shi da ladabi, ta ɗauko wani muƙamuƙin roba ta buɗe shi, ta nuna masa ɗan ƙarfe mai zare a cikin ƙashi, da haƙori a kansa.

"Kai! Ai noti ne wannan," in ji shi. Ya ma manta da giɓin, har ya buɗe baki.

"Noti ne, Baba. Bambancinsa da naku, ba a jikin ƙarfe ake ɗaure shi ba. A ƙashi mai rai ake sa shi, sai ƙashin ya tsiro ya rungume shi. Wata uku, huɗu, wani ma ya fi. Idan ya kama, sannan mu ɗora haƙori. Ni sawa ce tawa, kamawar aikin jikinka ne. Kana shan taba?"

"Na daina."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

Auta ta sunkuyar da kai tana wasa da igiyar jakarta. Ya zaro takardarsa ya miƙa wa likitar, ta karanta ta ce madalla, sannan ta rubuta wata ta ce su sauka ƙasa a ɗebi jini, a kuma ɗauki hoton ƙashin. Da suka dawo ta kwantar da shi a doguwar kujera, ta haska fitila, ta daɗe tana zagaya bakin da ɗan madubi. Ba gaba take kallo ba, inda ya sha dirza. Bayan haƙora take leƙawa, da ganɗa, wuraren da shi bai ma san ido na kaiwa ba.

Bayan awa guda sakamakon ya hau. Ta cire tabarau ta jawo kujera kusa da shi.

"Baba, kwana nawa ka yi kana horar da kanka da yunwa?"

Ya soma sosa ƙeya.

"Na'urar gida abin da ka ci jiya take faɗa. Wannan gwajin kuwa labarin wata uku yake bayarwa, ba ya jin lallashi. Sugarka ta daɗe a sama. Tabar ma, bayan haƙoranka sun gaya mini. Kuma ka ji wa yatsunka ciwo a banza."

Kunya ta rufe shi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya shige ba sallama. Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "To tsufa ne ke nan. Na wuce."

"A'a, shekaru ba ruwansu. Kwanan baya na yi wa wata mai shekara tamanin, tana nan tana tauna abinta. Masu ƙananan shekaru ma nake mayarwa gida, waɗanda ƙashinsu bai gama girma ba. Mai suga ma ina yi masa, idan ya riƙe ta da kyau. Abin da nake nema dasashi mai lafiya, naka kuwa yana ciwo, sai mun fara magance shi. Sai jikin da zai iya warkar da rauni, suga da taba kuwa su ne masu hana ciwo warkewa." Ta juyo masa da allon kwamfuta. "Ga ƙashinka. Tun da haƙoran suka fita yake zaizayewa. Akwai sauran wurin kamawa, amma na sau ɗaya ne. Idan muka sa ya ƙi, ba shi kaɗai zai fita ba, da ƙashin zai tafi."

"Ɗana zai zo nan da wata bakwai," in ji shi. Bai yi niyyar faɗa ba, fita ta yi.

Ta yi lissafi. "Ka ba ni wata uku na gaskiya. Idan ka dawo lafiya, huɗun da suka rage za su iya isa. Da ƙyar, amma za su iya."

A yi wa Mai Gareji adalci, ya yi ƙoƙari. Ya ajiye babur ya koma zuwa gareji a ƙafa. Ya koyi shan shayi salam yana yamutsa fuska. Maganin sugar da a da sai ya ga dama, yanzu matarsa na ajiye masa a gefen kofi, ba ya tsallake ko ɗaya. Sau uku ya koma aka wanke masa dasashi, yana riƙe da hannun kujera kamar za a yanka shi. Tumbinsa ya sace, wandunansa suka fara neman bel.

Taba ce ta ƙi sakinsa. Abokiyar shekara arba'in ce, ba a rabuwa da irinta da sallama ɗaya. Daga kwali guda ya dawo kara uku a rana. A bayan gareji akwai gawar wata tsohuwar tasi mara taya, a cikinta yake ɓuya ya zuƙa, Mai Walda na yi masa gadi yana yi masa tsiya. Idan ya gama ya tauna kanumfari, ya wanke hannu da fetur. A gida kowa ya yarda ya daina. Auta har faɗa wa ƙawayenta take, Babanta namijin duniya ne, rana ɗaya ya yar da ita.

Wata uku suka cika, suka koma. A wannan karon jinin ya yi masa shaida mai kyau. Likita ta duba dasashin ta ce ya yi lafiya, kumburin ya tafi. Ta yi murna ta gaske, har da tafa hannu. Ta buɗe littafin ranaku ta ɗauki biro.

"Talata mai zuwa da safe. Taba dai an rabu ko, Baba?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Auta ce ma ta riga shi, "Wallahi Likita, tun ranar nan ko ƙamshinta."

Ya wuce. Ya san ya wuce, don ya san yadda fuskar mai duba take idan hannunsa ya kai kan hatimi. Kalma ɗaya ta rage, "e", ya tarbi ɗansa da haƙora.

Sai idonsa ya faɗa kan allon, inda hoton ƙashinsa yake har yanzu, siriri, fari-fari. Ya sha ganin irinsa a ƙarƙashin mota, inda tsatsa ta ci ƙarfe ya rage kamar takarda. Ka ɗaura noti a wurin, a gareji zai kama ƙam, mai mota ya yi godiya ya tafi. A kan hanya yake saki. Duk motocin da ya shirya, wasu ne suka hau suka tafi da su. Wannan shi zai shiga, kuma ba ta da ta biyu.

"Likita," ya ce, "ajiye biron."

Ta ɗago.

"Uku nake sha. Kullum. Jiya ma huɗu, don fargabar yau."

Auta ta juyo ta zuba masa ido, bakinta a buɗe. Bai iya kallonta ba. Likita ta rufe littafin a hankali.

"Yau kam ka wuce ni, Baba, ban gane ba. Da ka yi shiru da na yi." Ta numfasa. "Akwai masu yi wa mai shan taba, su ce a gwada sa'a. Da ƙashinka na da yawa da mun yi shawara. A yadda yake, ba zan yi caca da shi ba. Ka bar ta gaba ɗaya, wata biyu cur kafin aiki, da duk tsawon warkewa. Zan rubuta maka abin da zai rage maka ƙishirwarta."

"Ba zai isa ba ke nan. Kafin ya zo."

"Ba zai isa ba."

A cikin motar haya Auta ta juya fuska tana kallon taga har suka kusa gida. Sai a bakin layinsu ta kama hannun rigarsa, kamar yadda take yi tana ƙarama idan za su tsallaka titi.

Ya daina tabar, ya koma, ya sake dainawa. Sau biyu yana faɗuwa, kuma duk biyun da bakinsa ya faɗa wa Auta. Ranar da jirgin Dogo ya sauka, sati biyar ke nan rabonsa da taba. Ya ɗauko haƙoran roba daga cikin kofi, ya wanke, ya cusa su, ya ce a ransa ko za su kashe shi ba zai cire ba sai baƙin sun koma.

Da rana tsaka suka iso. Dogo ya yi ƙiba, har da 'yar furfura a gemu. Jikar kuwa shekararta shida, tana tsakiyar famfara, haƙoranta biyu na gaba babu, kuma ko a jikinta, sai washe baki take wa kowa. Mata suka yi ta cewa kai, giɓin nan ya yi mata kyau. Mai Gareji ya ji wani abu mai kama da kishi. Ya rungume ɗansa, ya shafa kan yarinyar, ya ce, "Sannunku. Madalla." Ya so ya ƙara, sai ya ji robar ta motsa, ya tsuke baki.

Aka jera abinci a falo. Kowa na ci ana hayaniya, shi yana juya cokali. Da ya ga ba zai iya tauna ko loma ɗaya a gabansu ba, sai ya ce zafi ya dame shi, ya fita baranda ya zauna a kan benci. Bai daɗe ba ya ji taku. Dogo ne. Ya zo ya durƙusa a gabansa, ƙaton mutum, gwiwa biyu a kan siminti.

"Baba, shekara takwas fa. Har yanzu ba ka huce ba?"

Mai Gareji ya dube shi, bai gane ba.

"Na san ka so in riƙe garejin. Na san ranar da na ce ba zan zauna ba na faɗi maganar da ba ta dace ba. Da farko na ɗauka ta wuce, muna hira, kana yi mini dariya a waya. Sai kawai ka ɗauke mini wuta. Shekara huɗu, daga 'lafiya' sai 'ga uwarka'. Na tambayi Mama ta ce ba komai, na tambayi Auta ta ce ba komai. Don Allah ka yafe mini, ko ka faɗa mini abin da zan yi."

Maganar garejin nan, wallahi Mai Gareji ya manta da ita tun kafin yaron ya cika shekara da tafiya. Ya daɗe yana kallon ɗansa, sannan ya sa yatsu biyu a baki, ya zaro robar, ya ɗora ta a tafin hannu. Ya ɗaga leɓe ya nuna masa.

"Ga fushin," ya ce. Iska na bi ta giɓin, maganar na fita da shi-shi. "Ban so ka gan ni haka ba."

Dogo ya kalli bakin, ya kalli abin da ke tafin hannun. "Haƙori? Baba, haƙori ne?"

"Za a dasa mini. Likita ta ce na kusa dacewa, saura sati uku in..."

"Sau biyu ina samun hutu," in ji Dogo. "Sau biyu ina mayar da tikiti, don ina tsoron in zo ka ƙi kallona. Da tun tana goye ka ɗauke ta."

Hawaye ya gangaro wa Mai Gareji, ya bi ta gefen bakin da ya yi shekara huɗu yana tsarewa, bai kuma rufe shi ba. Daga ciki matarsa ta ƙwala kira, abinci na hucewa. Ya zura robar a aljihun riga, ya dafa kafaɗar ɗansa ya miƙe.

"Tashi mu shiga," ya ce. "Ka ce wa uwarka ta yayyanka mini naman ƙanana."